Jagora a kan Nilu, ƙafa a Alƙahira: yadda muka raba tafiyarmu ta Masar

Lokacin da muka yanke shawarar kai mahaifiyata Masar, ni da uwargidana, kamfanin shirya tafiye-tafiyen da muka tuntuɓa ya ajiye mana zaɓi biyu. Na farko shi ne mu sayi gurbi a jirgin ruwan da ke ɗaukar masu yawon buɗe ido daga Luksor zuwa Aswan kawai, mu kula da sauran tafiyar da kanmu. Na biyu kuwa shi ne mu biya kuɗi dunƙule, wakilinsu ya tarbe mu a filin jirgin saman Alƙahira, a sauke mu a otal, a zaga da mu dalolin Giza da gidan tarihi tare da jagora, a sa mu a jirgin sama zuwa Luksor, bayan tafiyar ruwa kuma a kai mu haikalin Abu Simbel, a dawo da mu har bakin jirgin da zai maido mu Kano. Bambancin kuɗin ba ƙarami ba ne, amma ba shi ne ya fi tsaya mini a rai ba. Abin da ya tsaya mini shi ne takardar jadawalin da suka aiko, domin da na karanta ta layi bayan layi sai na ga duk abin da aka ware wa tsohuwar Alƙahira, wato Azhar da masallacin Sayyidina Husaini da kasuwar Khan Halili, bai wuce yammaci guda ba, alhali kuwa Hajiya saboda waɗannan wuraren ta amince ta bar gida.

Sai na nemi kamfanin ya warware mini ƙunshin, ya faɗa mini farashin kowane sashe shi kaɗai. Da farko sun nuna ba a yin haka, amma da na nace sai suka yi, kuma wannan ita ce shawara ta farko da nake ba duk wanda ya tambaye ni. Da zarar an ga farashin a rarrabe, mutum zai gane inda yake biyan kuɗin aiki na gaske, kamar mota da direba da tikitin shiga, da kuma inda yake biyan kuɗin abin da shi ma zai iya yi da wayarsa cikin ɗan lokaci. Muka ɗauki jirgin ruwa tare da jagoransa, muka ƙara da tafiyar Abu Simbel, muka ce Alƙahira a bar mana ita.

Ban taɓa yin da-na-sanin barin Alƙahira a hannunmu ba. Birni ne mai cunkoso da hayaniya, amma ba mai wuyar zirga-zirga ba ne ga wanda ya ɗan shirya. Akwai jirgin ƙasa na ƙarƙashin ƙasa da ke aiki tun 1987, mai taragu na mata zalla, kuma motocin haya da ake kira ta waya irin su Uber suna raba mutum da cinikin kuɗin mota, tunda farashin na fitowa kafin a shiga. Ga Bahaushe kuma akwai wani sauƙi da Bature ba shi da shi: ɗalibanmu na Azhar suna da yawa a unguwannin birnin, kuma ɗan Larabcin da muka samu a makarantar allo da ta ilimi, ko da bai yi daidai da Larabcin kan titi na Misirawa ba, yana buɗe fuskar mai shago. Wani ɗalibi daga unguwarmu ya raka mu ranar farko, ya nuna mana inda ake canjin kuɗi da inda ake cin abincinsu na koshari da ful mai tsafta, daga nan muka ci gaba da kanmu.

Abin da wannan 'yancin ya saya mana shi ne zama. Mun yi sallar Juma'a a Azhar, masallacin da Faɗimawa suka kammala a shekarar 972, kuma bayan an idar ba wanda ya ɗaga mana tuta ya ce mota na jira. Hajiya ta jingina da wani ginshiƙi a farfajiyar farin dutsen nan tana jan carbi, tana kallon ɗalibai daga ƙasashe daban-daban sun yi da'ira suna bitar karatu, har inuwa ta juya. Washegari muka je ƙubbar Imamu Shafi'i, wanda ya rasu a 820, daga nan muka nemi kabarin Jalaluddin Suyuɗi kusa da dandalin Sayyida A'isha. Ba na jin akwai jadawalin kamfani da ke bi ta nan, amma ga mutumin da ya tashi yana jin ana karanta Jalalaini a tafsirin azumi, kuma ya san Suyuɗi ya taɓa aika wasiƙar nasiha ga sarakunan Katsina da Agadas kafin rasuwarsa a 1505, wannan ɗan ƙaramin ginin ya fi masa wasu manyan wurare nauyi. A masallacin Ibn Tulun, wanda aka gama a 879, kusan mu kaɗai ne a cikin wannan fili mai faɗi, sai mai gadi da ya ce wa mahaifiyata "ya hagga" ya jawo mata kujera.

Giza ce kaɗai wurin da na ji rashin jagora a Alƙahira. Tun daga bakin ƙofa masu raƙuma da dawaki da masu sayar da tsaraba suke yi wa baƙo caa, wani ma ya karɓi tikitinka kamar ma'aikaci ne, ya wuce gaba yana nuna maka hanya, a ƙarshe ya miƙo hannu yana cewa "bakshish". Waɗanda suka zo tare da jagora ana ƙyale su, domin an san akwai mai tare musu. Mu kuwa sai da bakina ya gaji da faɗin "la, shukran". Wanda zai je da tsofaffi ko ƙananan yara, ya ɗauki jagora na rabin yini don dalolin kawai, ba sai ya sayi ƙunshin birnin gaba ɗaya ba.

Hatsarin da ke tattare da tafiyar kai-da-kai yana wajen haɗuwa da jirgin ruwa. Idan kamfani ne ya ɗauko ka daga Alƙahira kuma jirgin sama ya yi jinkiri, nauyin sadar da kai yana wuyansa, ko da zai sa mota ta bi jirgin zuwa zango na gaba. Idan kai ka kawo kanka, ba wanda zai jira ka, kuma ba za a maido maka ko sisi ba. Saboda haka muka isa Luksor kwana guda kafin ranar shiga, muka kwana a ƙaramin otal a bakin kogi. Akwai jirgin ƙasa mai ɗakunan kwana da ke tashi da dare ya isa da safe, kuma da ni kaɗai ne da shi zan bi, amma saboda ƙafar Hajiya muka zaɓi jirgin sama, wanda tafiyarsa ba ta fi kamar awa ɗaya ba. Wannan kwanan na kariya ya ba mu damar yin sallar magariba a masallacin Abul Hajjaj, wanda ke zaune a cikin haikalin Luksor, a saman ginin Fir'aunoni, ƙofarsa ta dā tana rataye can sama tun da aka kwashe yashin da ya binne haikalin.

Daga ranar da muka shiga jirgi lissafin ya juya. Tafiya daga Luksor zuwa Aswan, wadda ke fuskantar ruwa, yawanci dare huɗu ce, dawowa kuma dare uku, kuma ba fasinja ke tsara lokacin tsayawa ba. Mashigar Isna ce ke tsara shi, inda jirage ke bin layi a ɗaga su zuwa tsayin ruwan da ke gaba. A wannan layin ne 'yan kasuwa ke zuwa a ƙananan kwalekwale, su ɗaure a jikin jirgi, su riƙa cilla jallabiya da tawul a cikin leda har saman bene, mai saye ya sa kuɗi a ledar ya jefa musu. Idan layin ya yi tsawo sai lokacin tsayawa a Idfu ya ragu, kuma a nan ne mutum zai ga amfanin jagora ƙarara. Kafin mu sauko ya riga ya kama mana keken doki, ya rubuta lambarsa, ya sayi tikiti, ya kuma gaya wa mai keken ƙarfe nawa zai dawo da mu. Wasu matasa biyu da suka sayi ɗaki kawai ba tare da jagora ba sun cinye rabin lokacinsu wajen ciniki da masu keke, suka shiga haikalin Horus da gudu suka fito da gudu.

Ban da kiyaye lokaci, akwai abin da ido ba ya gani sai an nuna masa. A haikalin Karnak na Luksor na tsaya a zauren nan mai ginshiƙai 134 ina ganin girma kawai, har sai da jagoranmu, wani magidanci ɗan Luksor da ya karanci tarihin tsohuwar Masar a jami'a, ya nuna mana inda wani sarki ya kankare sunan wanda ya gabace shi ya sassaƙa nasa a kai. A Kwarin Sarakuna tikiti guda na ba da damar shiga kaburbura uku, na Tutankhamun da aka gano a 1922 kuma da kuɗinsa daban, sannan ba a yarda jagora ya yi bayani a cikin kabari ba. Saboda haka ya zaunar da mu a inuwa, ya yi mana bayani da hotuna, ya dubi Hajiya ya zaɓa mana waɗanda gangararsu ba ta da tsanani. Wannan zaɓin kaɗai ya isa ladan aikinsa na ranar. A Kom Ombo ya nuna mana zanen kayan aikin likitanci a bango kafin mu shiga ɗakin da aka ajiye gawarwakin kadoji.

Tafiya da ayari tana da nata takurawar, kuma ba zan ɓoye ta ba. A hanyar dawowa daga yammacin kogi an tsayar da mu a wani shagon sassaƙar dutse da sunan ganin yadda ake aikin, aka kawo shayi da zoɓo, aka ɗauki lokaci mai tsawo ana tallar kaya, alhali a haikalin Hatshepsut an yi ta hanzarta mu. Kowa ya san jagora da direba suna da kaso a cinikin irin waɗannan shagunan, kuma ban ga laifin mutum ya nemi halalinsa ba, amma lokacin baƙo ne ake kashewa. Da dare na same shi a keɓe na ce masa mu ba sayayya ta kawo mu ba, kuma za mu kyautata masa a ƙarshen tafiya. Daga ranar ya riƙa tambayarmu kafin ya tsaya. Batun salla ma sai da muka faɗa tun farko, domin jadawalin ba ya lissafa ta. A cikin jirgi alƙibla tana kudu maso gabas, amma kogin na lanƙwasa, don haka sai mu jira a ɗaure jirgi ko mu tambayi ma'aikata, waɗanda suke da ɗan wurin sallarsu a ƙasa.

Abu Simbel ita ce sashen da ba zan ba kowa shawarar ya yi wasa da shi ba. Nisanta daga Aswan ya kai kimanin kilomita 280 cikin hamada, kusa da iyakar Sudan, motoci na tashi tun kafin asuba, kuma akwai shingayen jami'an tsaro da ke duba takardun mota da sunayen fasinjoji. An tashe mu, aka miƙa mana karin kumallo a kwali, muka yi sallar asuba a hanya. Da muka zagayo tudun muka ga gumakan Ramsis na Biyu guda huɗu, kowanne tsayinsa kusan mita 20, jagora ya bayyana mana cewa ba nan ne mazauninsu na asali ba. Tsakanin 1964 da 1968 aka yayyanka haikalin gunduwa-gunduwa, aka ɗaga shi mita 65 sama ƙarƙashin jagorancin UNESCO, don kada tafkin Nasir da babbar madatsar Aswan ta haifar ya haɗiye shi. Ana iya shirya wannan tafiyar ta hannun ƙananan otal a Aswan a farashi mai sauƙi, kuma matashi mai ƙarfi zai iya, amma mu muna bukatar tabbacin cewa motar za ta maido mu kafin jirgi ya sallami fasinjoji, kuma mai sanyaya iska ce, saboda Hajiya.

A teburin cin abinci mun zauna da wasu dattawa miji da mata daga Malesiya waɗanda suka sayi cikakken ƙunshin. Ba su taɓa ɗaukar jaka da hannunsu ba tun saukarsu, ba su yi ciniki da kowa ba, kuma jirginsu na zuwa Luksor ya yi jinkiri amma ba su ji a jikinsu ba. Sun gamsu ƙwarai, kuma a shekarunsu, ba tare da wani ɗa a kusa ba, zaɓinsu daidai ne. Sai dai da uwargidana ta nuna wa matar hotunan ƙubbar Imamu Shafi'i, matar ta yi shiru, domin mazhabarsa ake bi a ƙasarsu, kuma sun kwana a Alƙahira ba wanda ya gaya musu cewa ɗan gajeren tafiya ne a mota daga otal ɗinsu.

Bayan mun sauka daga jirgi mun ƙara ɗan zama a Aswan da kanmu, kuma a nan ma ba mu nemi jagora ba, domin gari ne ƙarami mai natsuwa. Muka shiga gidan tarihin Nubiya da aka buɗe a 1997, inda aka nuna ƙauyukan da ruwan madatsa ya tasa, muka hau kwalekwale mai filafilai muka zaga tsibirin Elefantin da la'asar. Mai kwalekwalen Banubiye ne, kuma da ya ji muna Hausa sai ya ce ya taɓa aiki da Hausawa a garin Wadi Halfa na Sudan. Kuɗin da muka yi yarjejeniya da shi a bakin ruwa, na rubuta a takarda na nuna masa kafin mu shiga, shi muka biya da muka sauka, muka ƙara masa da abin shayi.