Abin da Gindin Ganga Ya Koya Mini

A karatun injiniyancin sinadarai da na yi a nan Kaduna, darasin da ya fi zauna mini a rai shi ne cewa ɗanyen mai ba abu guda ba ne. Gauraye ne na sinadarai masu yawa, kuma asalinsa ragowar ƙananan halittun ruwa ne da laka ta binne, zafi da nauyin ƙasa suka yi ta dafa su tsawon miliyoyin shekaru. Aikin matata shi ne rarrabe wannan gauraye. Ana dafa man har zafinsa ya kai kimanin digiri 350, a tura shi cikin doguwar hasumiya, sai kowane kashi ya tsaya a matakin da ya dace da nauyinsa: iskar gas a can ƙoli, sai fetur, sai kananzir, sai dizal, mafi nauyi kuma ya kwanta a gindi.

Malaminmu ya taɓa jera mana waɗannan kashi-kashi a kwalabe. Na farko garau yake kamar ruwa, na ƙarshe kuwa baƙi ƙirin, ko an kifar da kwalbar ba ya zuba.

Wannan na ƙarshen shi ne ya fi jan hankalina, domin a ganina ba a ba shi haƙƙinsa idan ana zancen mai, kowa farashin litar fetur yake tambaya. Matatar Kaduna, wadda aka buɗe a 1980, mai ƙarfin tace ganga 110,000 a rana, an yi mata sashe na musamman domin man inji da kakin kyandir da kwalta, waɗanda daga wannan kashi na gindi ake samar da su. Ɗanyen man Najeriya mara nauyi ne, ga ƙarancin farar wuta, abin da ya sa kasuwar duniya ke rububinsa, amma bai dace da irin waɗannan kayayyaki ba. Dole aka riƙa shigo da mai nauyi daga ƙasashe irin su Benezuwela da Saudiyya, a turo shi ta bututu tun daga tashar mai ta Escravos da ke jihar Delta.

Daga gindin nan ne kuma ake samun baƙin man da masaƙun Kakuri, unguwar masana'antu ta Kaduna, suka riƙa ƙonawa a tukwanensu a da, su samu tururin rini da busar da yadi. Da ya yi wuyar samu, ya haɗu da ƙarancin wutar lantarki da kwararowar yadin fasa-ƙwauri, masaƙun suka yi ta rufewa, dubban magidanta suka rasa aikin yi. Har yanzu ina ganin duk mai neman farfaɗo da masana'antun Kakuri sai ya fara tambayar inda za su samu makamashin da za su hura tukwanensu.