Motar sulke a bakin kasuwa

Yau da safe ina raka 'yata makaranta a nan Marwa, arewacin Kamaru, mun zo wajen kasuwa sai ga wata ƙatuwar mota mai sulke tsaye, tayoyinta sun kusa kai ni tsawo, na ɗauka ta sojoji ce sai na ga ashe 'yan sanda ne a ciki. Yarinyar ta damƙe min hannu ta ce Baba yaƙi za a yi? Wallahi na rasa abin da zan ce mata. Na ɗaga hannu zan gaida na ciki kamar yadda muka saba da ɗan sandan da ke ba da hannu a wurin, amma ta ɗan gilashin nan ido kawai nake gani, ban ma san ko ya amsa ba.

Ni ban manta bama-baman Yulin 2015 a garin nan ba, kuma na san abin da mutanen Fotokol da Kolofata suka sha a hannun Boko Haram, su ma 'yan sandan 'ya'yan wasu ne, dole su kare ransu. Amma na tuna hotunan Ferguson a Amurka a 2014, irin motocin nan aka fito da su kan mutanen gari masu zanga-zanga. Har yanzu abin na cin raina, in yarinyar nan ta ɓata a kasuwa gobe, ban ga alamar za ta iya tunkarar motar nan ta ce a kai ta gida ba.