Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Shekarar Awon Kunne

Makon jiya na tsaya a inda Kawu ya hana a aiko min da kuɗin aikin bincikena na shekarar ƙarshe a Sakkwato. Maganar da ya yaɓa min a zauren gidanmu na Yauri, gaban su Baffa, har yau tana min zafi: "An tura ka ka zama likita, ka ƙare ga awon kunne kamar mai sayen jaki."

Aikin kuwa shi ne in auna tsawon kunnen mutum daga ƙololuwa zuwa tattausan wurin da mata ke hudawa, in auna faɗinsa, sannan in tsayar da shi ba takalmi ba hula in ɗauki tsayinsa. A haɗa alƙaluman, a ga ko kunne kaɗai zai nuna tsayin mai shi ranar da aka tsinci gawar da ba ta cika ba. Ba mu muka fara ba. Tun wajen 1880 Alphonse Bertillon, ma'aikacin 'yan sandan Faris, yake auna kunnen dama na waɗanda aka kama don a gane su in sun sake dawowa.

Ƙashin cinya ya fi kunne faɗin gaskiya nesa ba kusa ba, kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne na tsayin mutum, kuma da irin waɗannan dogayen ƙasusuwa masu bincike biyu, Trotter da Gleser, suka fitar da lissafinsu na gano tsayin mutum a 1952, daga gawarwakin sojojin Amurka. Kunne kintace yake bayarwa. Ga shi yana ƙara tsawo da tsufa, alhali mai shi yana ranƙwafawa. Da na faɗa wa Inna haka sai ta ce ai dama kunne ya girmi kaka. Ita kaɗai ta sayar da tunkiyarta ta ba ni kuɗin mota. Abin da ya sa na nace shi ne, lissafin da aka yi da jikin Ba'amurke ko Ba'indiye ba zai zauna daidai a kan Bagunge ko Bafillace ba. Sai mun auna namu.

Mai sayen jaki! Kalmar ta dawo min a watan Mayun 2021, lokacin da jirgin ruwa ya kife kusa da Warra a Ngaski, iyaye suka cika bakin kogi suna jiran a tsamo nasu. Wanda ya taɓa ganin yadda ruwa ke sauya fuska ya san darajar kowace alama da ta rage a jiki. Kawu ya riga ya rasu a lokacin, Allah ya jiƙansa, amma na so a ce yana raye ya tsaya a wurin.

Mako mai zuwa in Allah ya kai mu, zan kawo yadda Goggo ta shiga maganar aurena.