Awa Goma Sha Ɗaya a Santambul

Laraba, daga ɗakin jira na filin jirgin saman Istanbul.

Jirginmu ya taso daga Abuja cikin dare, ya sauka a nan da hantsi, kuma wanda zai wuce da ni Jamus ba zai tashi ba sai bayan sallar isha'i. Da yake na nemi bizar Turkiyya tun kafin in baro gida, ban ga dalilin da zai sa in wuni a kan kujerar ƙarfe ina kallon allon tashin jirage ba, alhali birnin da kakanninmu suke kira Santambul yana nan kusa.

Wanda ya ɗora ni a hanya wani dattijo ne ɗan kasuwar Kantin Kwari da muka zauna kujera ɗaya a jirgi, wanda ya daɗe yana zuwa unguwar Laleli saro kaya. Da na tambaye shi inda mutum zai ci abincin 'yan gari, sai ya ce, "Malam, ka tafi titin Divan Yolu ka nemi gidan nama na Selim Usta, amma ka karanta allon ƙofa da kyau, domin masu kama da sunansa suna da yawa." Na ce, "Na gode, Alhaji," na rubuta sunan a bayan takardar shiga jirgi.

Na sayi katin Istanbulkart, na hau jirgin ƙarƙashin ƙasa na M11 zuwa Gayrettepe, na canza zuwa M2 na sauka a Vezneciler, daga nan na taka da ƙafa ta dandalin Beyazıt har na wuce dogon ginshiƙin Çemberlitaş, wanda sarki Konstantin ya kafa a shekara ta 330. Gargaɗin Alhaji bai faɗi ƙasa banza ba. Kafin in isa, wani saurayi ya tare ni da fara'a a ƙofar wani shago mai suna kusan iri ɗaya, har na sa ƙafa ciki kafin in lura babu "Selim Usta" a allonsa, sai na ba shi haƙuri na fito ina jin kunya.

Gidan na ainihi, Tarihi Sultanahmet Köftecisi, an buɗe shi ne a 1920, wato ya girmi Jamhuriyar Turkiyya kanta da shekara uku, kuma har yau yana hannun iyali ɗaya. Layi na tarar a bakin ƙofa, amma yana tafiya da sauri, domin a nan ba a zama hira bayan an gama ci. Abin da ya fi burge ni shi ne gajartar jerin abincinsu, wanda mutum zai karance shi cikin numfashi ɗaya. Ma'aikacin da ya zo wurina, sanye da farar riga, bai ko ɗauko takarda ba, ya ce "köfte, piyaz, ayran?" ni kuma na gyaɗa kai.

Köfte niƙaƙƙen nama ne da ake mulmulawa kamar tsawon yatsa a gasa a kan garwashi. An kawo mini shi da zafinsa, bayansa ya ɗan ƙone da zanen ƙarfen gashi, cikinsa kuwa da laushi da ɗan danƙo, a gefe ga koren barkono da aka jiƙa a ruwan tsami da yankakken burodi. Bakin da ya saba da tsiren Kano zai fara neman yaji da ƙuli-ƙuli, kuma ni ma na nema a loma ta farko, amma a ta uku na gane cewa da gangan suka bar naman ya yi magana da kansa. Piyaz kuwa farin wake ne dafaffe mai sanyi, da albasa da man zaitun da ruwan tsami, ayran kuma tsinkakken nono ne da aka sa wa gishiri, wanda da farko ya zo mini banbaraƙwai domin mu da sukari muka saba. Na rufe da irmik helvası, wato tsakin alkama da aka soya da man shanu da sukari. Bangon ɗakin cike yake da wasiƙun manyan baƙi a cikin gilashi, sai dai ba na jin Turkanci, don haka sa hannunsu kawai na kalla.

Daga nan na tsallaka dandali zuwa Masallacin Sultan Ahmed mai hasumiya shida, wanda aka fara gininsa a 1609, na haɗa azahar da la'asar na yi ƙasaru. Na so in shiga Aya Sofiya, tsohon cocin nan da aka mayar masallaci, amma tsawon layin da na gani da agogon hannuna suka hana ni.

Na dawo filin jirgi saura awa uku a tashi. Da na kira uwargida na ba ta labari, tambayarta ɗaya ce, ko na sayo mata lokum, wato alewar Turkawa. Ban sayo ba, don haka yanzu zan rufe wannan littafi in je in saye shi a nan ciki, a farashin da na san zai yi mini ciwo.