Tarihin Rayuwata, Kashi na 7: Lokacin da Hannu Ya Fara Rawa

A makon jiya mun tsaya a daidai inda baiwar Allah da muke kawo muku tarihinta ta shiga shekara ta biyu tana shan Xanax, rabin miligiram da safe, rabi da dare, kamar yadda aka rubuta mata tun lokacin da fargaba ta hana ta barci. Ba ta taɓa ƙara ko ƙwaya ɗaya a kan abin da aka ce ta sha ba. Mai karatu ya riƙe wannan, domin mutane da yawa suna zaton sai wanda ya wuce ƙa'ida ne jikinsa ke sabawa da maganin, alhali makonni kaɗan na sha kullum sun isa.

Abin ya fara mata ne da yamma. Wajen ƙarfe huɗu zuwa biyar sai yatsunta su kama karkarwa, siririya mai sauri, wadda ba a gani sosai sai ta miƙa hannu ko ta ɗauki kofi. Fatar idonta na motsi da kanta, tsokar ƙwaurinta na harbawa, kuma tana jin wata irin tsuma a ƙirji da cinyoyi wadda na kusa da ita ba ya gani. Idan ta sha ƙwayar dare, kafin awa ɗaya komai ya lafa. Ita kuwa sai ta ɗauka ciwon fargabar ne ya dawo da ƙarfinsa.

Ga abin da ke faruwa. Xanax da Valium da Ativan da Lexotan da Rivotril duk dangi ɗaya ne, benzodayazifin. Aikinsu ƙarfafa wani sinadarin ƙwaƙwalwa mai suna GABA, wanda shi ne birkin jijiyoyi. Wani sinadarin kuma mai suna gulutamet shi ne totur. Idan magani ya daɗe yana taka birkin, ƙwaƙwalwa takan rage ƙarfin birkin nata, ta ƙara totur, don ta daidaita tafiya. Da zarar maganin ya ragu a jini, sai a wayi gari da birki mai rauni da totur a take. Jijiyoyin da ke sarrafa tsoka suna harbawa fiye da kima, sinadarin adiranalin ya hau, sai rawa da zufa da bugun zuciya. Xanax kuwa ba ya daɗewa: cikin kimanin awa 11 rabinsa ya fita daga jini. Saboda haka mai shan sa sau biyu a rana yana iya shiga ƙaramin janyewa, wato halin da jiki ke shiga idan maganin da ya saba da shi ya ragu, kullum tsakanin ƙwaya da ƙwaya, ba tare da ya daina komai ba. Valium kuwa yana ɗaukar awa 20 zuwa 100 kafin rabinsa ya fita, abin da hanta ke juya shi zuwa gare shi ma yana kai awa 200.

Daga nan hanya biyu ce ke buɗe wa mutum, kuma duk biyun rami ne. Ko ya ƙara ƙwaya, rawar ta tsaya na 'yan makonni ta dawo a kan adadi mafi yawa, ko ya tsorata ya watsar da maganin gaba ɗaya. Ta biyun ta zaɓa. Washegari da dare ba ta iya riƙe cokali. Duk lokacin da barci ya zo ɗaukarta sai jikinta ya zabura kamar an jona mata lantarki, haƙoranta a datse, wuyanta ya sandare. Rana ta uku ta kasa zama wuri ɗaya, tana kai da kawowa a ɗaki, ƙafafunta na neman motsi ko da ta gaji tilis. Allah Ya kiyaye ba ta kai ga jijjiga irin ta farfaɗiya ba, amma tana bakin hanyar. Yanke wannan magani farat ɗaya yana iya kawo jijjiga da ruɗewar hankali, yana iya kisa. Shi ya sa a watan Satumban 2020 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta tilasta a rubuta wannan gargaɗi a kan duk dangin maganin. Ingila kuwa tun 1988 ta ba da shawarar kada a wuce mako biyu zuwa huɗu ana sha.

Likitan da ta gani bai fara da rubuta magani ba. Cewa ya yi, "Malama, ɗora hannuwanki a cinya ki sake su." Suka natsu. "To miƙa su gaba, ki ware yatsu." Ya ɗora takarda a bayan hannun, takardar ta kama kaɗawa, dama da hagu daidai. Wannan gwaji mai sauƙi yana raba abubuwa da yawa. Rawar janyewa tana fitowa ne idan an ɗaga hannu ko ana aiki da shi, tana da sauri, kaɗawa 8 zuwa 12 a daƙiƙa, kuma tana kama ɓangarori biyu. Ta cutar Fakinsin, wadda ita ce ta fi tsorata ta, tana zuwa ne idan hannu na hutawa, a hankali, 4 zuwa 6 a daƙiƙa, galibi ta fara a gefe ɗaya tare da nauyin motsi. Ya sa aka auna sukarinta da sinadarin tayirod da ƙarfen jini, domin saukar sukari da yawan tayirod suna kawo rawa iri ɗaya, ƙarancin ƙarfe kuma yana hana ƙafafu natsuwa da dare. Ya tambaye ta duk abin da take sha: Ventolin na asma, wasu magungunan damuwa, da duk abin sha mai kafeyin suna ƙara rawar hannu. Rashin iya zaman nan kuma, Maxolon na amai da Haldol suna kawo shi ko su tsananta shi, abin takaici kuwa su ne ake yawan ba mutum idan aka ga ya rikice.

Sannan ya mayar da ita kan adadinta na da, ya ce sai jiki ya natsu tukuna za a yi maganar ragewa. Ranta bai so ba, tana ganin an koma baya. A ganina wannan ne matakin da ya fi kowane hikima a duk tafiyar, domin yanke magani a koma, a sake yankewa, yana iya sa janyewar gaba ta fi ta baya tsanani.

Bayan ta natsu aka fara sauya ta zuwa Valium, ƙwayar dare tukuna, ta safe daga baya, a cikin 'yan makonni. Lissafin da Farfesa Heather Ashton ta yi amfani da shi a asibitinta na Niyukasil da ke Ingila tsakanin 1982 da 1994 shi ne: miligiram 10 na Valium daidai yake da rabin miligiram na Xanax ko na Rivotril, ko miligiram 1 na Ativan. Ke nan tata ƙaramar ƙwayar da take rainawa tana kusa da miligiram 20 na Valium a rana. Wannan lissafi kimantawa ce, likita ne ke gyara shi gwargwadon yadda jiki ya karɓa, kuma ba kowa ake sauyawa ba: tsoho da mai ciwon hanta, Valium na taruwa a jikinsu ya sa su tangaɗi da faɗuwa, don haka sau da yawa a kan maganinsu na asali ake rage musu.

Ƙa'idar ragewa ita ce kashi 5 zuwa 10 cikin 100 duk mako biyu zuwa huɗu, kuma daga adadin da ake kai yanzu ake lissafi, ba daga na farko ba. A nan mutane suka fi tuntuɓe. Cire miligiram 2 daga 20 kashi 10 ne cikin 100. Cire miligiram 2 daga 4 rabi ne cur. Shi ya sa aka sauke ta 20, 18, 16, sannan aka koma cire miligiram 1, a ƙasa da 5 kuma rabin miligiram ake cirewa kowane karo, ana raba ƙwayar miligiram 2 ko a yi amfani da na ruwa da sirinjin awo. Ba a tsallake rana, domin sha yau a bar gobe yana hawa da sauka da maganin a jini. Kuma da yake Valium na jinkirin fita, rawar ba ta zuwa ranar da aka rage. Sai bayan kwana huɗu ko mako guda take bayyana, sannan ta lafa. Wanda bai san haka ba sai ya ga kwana uku lafiya lau ya sake ragewa, ragi biyu su haɗu masa lokaci guda.

Ya sa ta buɗe littafi: lokacin shan magani, lokacin da rawa ta fara, ƙarfinta daga 0 zuwa 10, da layi ɗaya na rubutun hannu kullum. A miligiram 12 rubutun ya karkace, zaburar dare ta dawo. Ba a ƙara ba, ba a rage ba, aka tsaya a nan har mako huɗu. Ya ba ta Inderal kaɗan don rawar hannu da bugun zuciya, bayan ya tabbatar ba ta da asma kuma bugunta ba ya ƙasa, ya kuma faɗa mata ƙarara cewa Inderal ba ya hana jijjiga. Ya hana ta giya, ya hana Tramadol da kodin, waɗanda idan suka haɗu da wannan magani suna danne numfashi, Tramadol ɗin ma yana jawo jijjiga da kansa. Ya ce idan za a ba ta maganin ƙwayoyin cuta dangin Cipro ta faɗi halin da take ciki, domin suna toshe aikin GABA.

Mijinta ma an kira shi. Aka ce masa idan ta faɗi tana jijjiga ya kwantar da ita ta gefe, ya kawar da abin da zai ji mata rauni, kada ya sa mata komai a baki, a tafi asibiti. Haka nan idan ta fara ganin abin da babu, ko zazzaɓi ya haɗu da sandarewar jiki, ko ta daskare ba magana ba motsi, ko rashin natsuwar ya kai ta ga tunanin kashe kanta, ba a jiran ranar ganin likita.

A miligiram 12 ɗin nan za mu bar ta yau. Mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za mu bi ta zuwa miligiram 5 na ƙarshe, inda ragewa ta fi jinkiri, da watannin bayan ƙwayar ƙarshe da tsumar ciki ke tafiya tana dawowa.