Akwatin da muka haɗa wa firinta ta 3D

Wallahi hunturun bana na sha fama da firintar nan ta 3D, injin da ke narkar da zaren roba yana gina abu hawa-hawa. Duk abin da na ɗora da robar ABS kafin a kai rabi sai ka ga gefensa ya ɗago daga farantin da ake gina aikin a kai, wani lokacin ma ya tsage a tsakiya, ga ƙurar hazo kullum tana kwanciya kan ƙarafan da injin ke gudu a kai. Zafin faranti na kan digiri 100, na bakin da ke fitar da narkakkiyar robar kuma 240, amma iskar taga na sanyaya robar farat ɗaya, ita kuwa ABS in ta huce da sauri tsukewa take yi.

Shi ne na samu kafintan unguwarmu, Allah ya saka masa da alheri, muka haɗa akwati da filawud, ƙofar gaba muka sa gilashin roba don in riƙa leƙa aiki. Akwatin da ke ba firintar wuta muka fito da shi waje saboda zafi na rage masa kwana. Muka huda baya muka sa 'yar fanka da bututu zuwa taga, warin ABS ba abin shaƙa ba ne ballantana ga yara a gida.

Yanzu ciki na kaiwa wajen digiri 40, jiya aikin awa 9 ya fito lafiya lau, na jima ina juya shi a hannu. In PLA ce dai, wata robar da ba ta jure zafi kamar ABS, ƙofa a buɗe nake bari, in ba haka ba zaren robar ya yi laushi tun daga sama ya toshe bakin. Saura in sa na'urar gano hayaƙi gobe in sha Allahu, tunda katako ne.