Ranar da Ɗanladi ya koma bayan Zainab

A mako na uku da fara koyon Python, wani harshen ba kwamfuta umarni, malaminmu ya ba mu aikin da na raina: mu zuba sunayen 'yan aji a jeri, mu tsara su daga A zuwa Z. Na ce a raina kafin la'asar na gama.

Tun a ƙofa na yi tuntuɓe. Na nemi suna mai lamba 1, kwamfuta ta miƙo mini na biyu. Ashe daga sifili take fara ƙirga. In mutum 40 ne a jerin, na ƙarshe yana lamba 39, ka nemi 40 ta watso maka kuskure. Wannan kam kwana biyu na saba.

Tsarawar ce ta hana ni barci. Na ba da umarnin sort mai tsara jeri, Abubakar ya hau sama, Bilkisu ta bi shi, komai tsaf. Da na gangara ƙasa sai ga Ɗanladi da Ƙasimu sun rakuɓe a bayan Zainab, kamar waɗanda suka makara sahu. Na goge, na sake, haka dai. Washegari na tari malam.

"Malam, anya na'urar nan lafiya take?"

"Lafiyarta ƙalau," in ji shi. "Kai ne kake ganin harafi, ita lamba take gani."

Ya sa na tambayi lambar kowane harafi da umarnin ord. Z ta ba da 90, Ɗ ta ba da 394, Ƙ kuma 408. A tsarin Unicode, wanda ke ba kowane harafi lambarsa, haruffanmu masu lanƙwasa can nesa aka ajiye su, ba kusa da 'yan uwansu D da K ba. Ko ƙaramin a ma 97 ne, shi ya sa wanda aka rubuta sunansa "aminu" shi ma ya sha ƙasa.

Maganin, na rubuta baƙaƙen Hausa da hannuna yadda muke jera su, na ce sort ya bi wannan. Ɗanladi ya dawo bayan Dauda.

Musa kuwa sau biyu ya fito, don an bar fili a ƙarshen ɗaya, kwamfuta ta ɗauke su sunaye biyu daban. Umarnin strip ya share filin, amma sai da na adana sakamakon, domin zaren haruffa, wato rubutu irin sunan nan, ba ya canzuwa a inda yake, sabo ake ba ka.

Saura sh da ts. Mu harafi ɗaya muke ɗaukar kowanne, ita biyu take ƙirgawa. Har yanzu Shehu na gaban Sule a jerina.